Kafaɗar Tasi'u da Injin da Mas'uda Ta Zaɓa

Akwai wata mata a Sabon Garin Wudil mai suna Mas'uda, wadda har yau in aka tambaye ta yadda ta fara haɗuwa da mijinta, sai ta yi dariya ta ƙoshi kafin ta ba da amsa.

Tana budurwa a gidansu, damina ta kumbura ƙofar ɗakin mahaifiyarta, ta ƙi rufuwa. Aka kira wani kafinta mai suna Tasi'u. Ya cire ƙofar, ya kwantar da ita a tsakar gida, ya durƙusa a ƙarshenta, ya rufe ido ɗaya yana duban tsawonta. Mas'uda kuwa tana zaune a ɗaya ƙarshen tana tankaɗe. Ɗago kan da za ta yi, sai ta ga baƙon saurayi ya kanne mata ido.

Ta ajiye rariya, ta je ta kai ƙara wurin yayanta Ya'u.

Ya'u ya fito da zafinsa, ya tarar Tasi'u ya juya ƙofar, yana can yana kanne wa turmi ido. Ya koma ya ce da ita, "Ke, ba ke yake kallo ba. Katako yake kallo."

Ita kanta ba ta san wanne ya fi ɓata mata rai ba, na farkon ko na biyun.

Bayan mako guda Tasi'u ya dawo, wai ya zo duba ƙofa. Ya sake dawowa. A zuwa na uku mahaifiyar Mas'uda ta ce masa, "Ɗan nan, ƙofa dai lafiyarta ƙalau. In wani abin kake dubawa, ka turo manyanka."

Shekara bakwai ke nan da aurensu, da 'yarsu ɗaya, Radiyya.

Shagon Tasi'u a ƙofar gidansu yake, zaure ne kawai ya raba shi da tsakar gida. Ƙofofi yake yi, da tebura, da bencinan makarantun Islamiyya. An san shi da abu ɗaya: ƙofar da ya yi, da ɗan yatsa ake rufe ta.

Amma wannan suna ba a banza ya zo ba. Katako daga kudu ake kawo shi da ɗanyantakarsa. Da ya sha zafin Wudil sai ya bushe, wani ya banƙare, wani ya murɗe. Kafin Tasi'u ya yi komai da shi, sai ya ɗauki filen, wato ƙarfen nan da kafintoci ke turawa da hannu, ya yi ta ferewa har fuska ɗaya da gefe ɗaya su miƙe sak. Daga nan sai ya ɗauka ya tsallaka titi zuwa shagon Yahuza, wanda shi kaɗai ke da inji a layin. Injin Yahuza na daidaita kauri ne. A cusa katako ta nan, ya fito ta can sumul, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe.

Aikin Yahuza minti goma ne. Na Tasi'u kuwa wuni ne, kuma da kafaɗar dama ake yin sa.

Mas'uda ba mai yawan magana ba ce a kan abin da ke ranta. A shekara bakwai ɗin nan ba ta taɓa zama ta ce da mijinta ga yadda take jin sa ba. Sai dai ya ga an ajiye masa kan kifi, ko ya tarar an ɗinke aljihun rigarsa. Shi ma haka yake. Gidan masu shiru biyu ne, amma kowa na lura da kowa.

Don haka ita ce ta fara ganin abin. Ta ga ya koma ɗaukar buta da hagu. Ta ga in zai sa riga sai ya sunkuya ya lallaɓa hannun dama tukuna. Da ta matsa masa suka je asibiti, likita ya ce masa in bai daina wannan turin ba, nan da shekara hannun ba zai ɗagu ba.

A hanyar dawowa Tasi'u ya ce, "Likita bai san aikin kafinta ba ne."

Ta ce, "Amma ya san kafaɗa, Baban Radiyya."

Kashegari da hantsi ta ji ƙarar filen daga shago, shuu, shuu, kamar ba a je ko'ina ba.

Abin da ya ƙara mata zafi shi ne bakin Yahuza. Ba mugu ba ne, amma tun da ya sayi inji ya ɗauki kansa babban kafintan layin, kuma ba ya ganin Tasi'u ɗauke da katako bai tsokane shi ba. Daga tsakar gida take jiyo shi.

"Oga Tasi'u, mai injin kafaɗa. Yau an kawo wuta kuwa a kafaɗar? Kai ka huta, naka injin tuwo kawai yake sha."

Tasi'u sai ya yi murmushi ya ajiye katako. Mas'uda kuwa sai ta ji tuwon da take tuƙawa ya ƙara nauyi.

Tana da bijimi guda. Tun yana ɗan maraƙi kakarta ta ƙauyen Indabo ta ba ta, ta yi shekara uku tana yi masa hidima da dusa da harawa, har ya zama in ya juya a turke sai kaji su watse. Burinta a da ta sayar da shi ta sayi keken ɗinki na zamani. Ranar da ta ga Tasi'u ya kasa ɗaga Radiyya da ta miƙo masa hannu, ta ajiye zancen keke.

Ta kira Ya'u a waya. Ranar Juma'a ya ja bijimin zuwa Kara, kasuwar shanu, ya sayar da shi da daraja. Da Tasi'u ya tambaya, ta ce ai lokacinsa ne ya yi. Ya ce Allah ya sa albarka, yana zaton keke ne ke tafe.

Ranar Asabar ta nemi izinin zuwa Kano gaida gwaggonta Juwairiyya. Ta je ta gaishe ta kuwa, amma zaman bai kai a sha ruwa a huce ba Ya'u ya wuce da ita wurin Alhaji Gidaɗo, wani tsohon kafinta da ya bar aikin ya koma sayar da injinan katako na hannu.

Bayan an gaisa, an tambayi gida da iyali da hanya, Alhaji Gidaɗo ya ji abin da ke hannunsu ya ce, "To, wannan inji ɗaya zai saya. Ga guda biyu, sai ku zaɓa."

Na farko kore ne, mai ƙiba, fentinsa na ƙyalli. Irin na Yahuza ne sak, har ya fi shi faɗi. Alhaji Gidaɗo ya tayar da shi, ya cusa wani katako mai kaushi, ya fito ta baya kamar an shafa masa mai.

Na biyun dogon teburin ƙarfe ne kawai, fenti duk ya ɓare, da wuƙa a kwance a tsakiyarsa. In ba a faɗa maka ba sai ka ce teburin mahauci ne.

"Wannan na miƙarwa ne," in ji tsohon. "A kansa ake tura katako, ya cinye tudun, ya bar fuska ɗaya a miƙe. Wancan koren kuwa na kauri ne. Kowanne da aikinsa. 'Yata, wane aikin ne yake ba maigidan naki wahala?"

"Duka, Baba."

"Kin tambaye shi?"

"Kyauta ce. Ai in na tambaye shi ta tashi daga kyauta."

Ya'u ya ce, "Ko dai mu buga masa waya, Mas'uda?"

"Yaya Ya'u, shekara bakwai ina jin ƙarar shagon nan. Na san abin da ya rasa. Irin na maƙwabcinmu nake so, amma wanda ya fi shi."

Alhaji Gidaɗo ya dube ta, ya shafa gemu. "To. Ni al'adata Juma'a biyu nake bayarwa. In an kai inji bai dace da aiki ba, a dawo da shi kafin in rufe in tafi masallaci a Juma'a ta biyu, a ɗauki ɗan'uwansa. In ta wuce, ciniki ya zauna."

Ta ce, "Ba ma za a dawo ba, Baba."

Aka ɗora koren inji a bayan a-kori-kura. Da suka shigo layinsu, Mas'uda ta ce da direba ya rage gudu, akwai ramuka. Babu rami ko ɗaya a wurin. Shagon Yahuza ne kawai.

Yahuza ya fito yana goge hannu, ya bi motar da kallo, bakinsa a buɗe. Ita kuwa ta gyara mayafi ta kalli gaba.

Sai da majiya ƙarfi shida suka kama kafin aka sauke shi. Tasi'u ya tsaya da filen a hannu. Ya zagaya injin sau biyu, ya shafa shi, ya leƙa cikinsa. Sannan ya ɗago ya dubi matarsa, wadda ke tsaye a bakin zaure fuskarta kamar an kunna fitila.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Bijimin ke nan?"

"Shi ne."

"Allah ya saka miki da alheri, Mas'uda. Allah ya bar mu tare."

Ya yi saurin kawar da kai. Ta ɗauka daɗi ne kawai.

Kashegari ta soya waina ta raba wa maƙwabta, ta zaɓi kwano mafi girma ta aika wa Barakatu, matar Yahuza, da saƙon cewa a taya su murna, Baban Radiyya ya huta da tsallaka titi.

Kwana biyu na farko ba ta lura da komai ba. In injin ya yi ruri sai ta tsaya da abin da take yi ta saurara, kamar ana yi mata kiɗa.

Daga baya ta fara lissafin abin a ranta. Rurin ba ya wuce ɗan lokaci da yamma. Da hantsi kuwa Tasi'u ya koyi sabuwar ɗabi'a, yana tura ƙofar da ke tsakanin shago da zaure. Amma ƙofa ba ta hana ƙara fita. Shuu, shuu. Filen na nan yana aikinsa.

Ta ce a ranta wataƙila sabo ne, a hankali zai saki.

Juma'a ta farko ta wuce.

Ranar Laraba ta kai masa abincin rana, ta zauna tana yi masa fifita. Nan ta ga abin da ya tsinka mata zuciya. Tasi'u ba ya kai loma baki. Bakin yake kaiwa wurin loma. Hannun na ƙasa, shi ne yake sunkuyawa ya same shi.

Ta ajiye mafici, ta tashi ta nufi tarin katako. Ta zaɓi wanda ya fi kowanne banƙarewa, ta jawo shi.

"Baban Radiyya, akwai wuta. Sa mini wannan a inji in gani."

"Bari in ɗan taɓa shi da hannu tukuna."

"A'a. Haka nan nake so."

Ya dube ta, ya ga ba wasa a fuskarta. Ya wanke hannu, ya tayar da inji, ya cusa katakon. Ya fito ta baya sumul, har yana ɗaukar ido.

Ta shafa shi ta ce, "To ga shi. Me ya rage?"

Tasi'u ya ɗora shi a kan teburin aikinsa. Ya danna ƙarshen nan, na can ya ɗaga. Ya danna na can, na nan ya ɗaga. Katako na ta rawa.

"Zo ki durƙusa nan," in ji shi. "Rufe ido ɗaya. Bi tsawonsa da kallo."

Ta durƙusa, ta rufe ido ɗaya. Shekara takwas da ta fara ganin ana yin haka, yau ne ta fara yi da kanta. Ta ga katakon ya lanƙwasa kamar cikin kwalekwalen masunta.

"Shi wannan injin," in ji Tasi'u a hankali, "in katako ya shiga, danne shi yake yi ya kwantar da shi, ya fere, ya sake shi. Da ya fito sai ya koma yadda yake. Santsi yake bayarwa, da kauri ɗaya. Ba ya miƙarwa. In ka ba shi miƙaƙƙe, ya ba ka miƙaƙƙe. In ka ba shi karkatacce, ya ba ka karkatacce mai kyan gani."

"To aikin da ke cin kafaɗar taka fa?"

"Yana nan."

"Shi kuma wannan me ya ɗauke maka?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Tsallaka titi."

Mas'uda ta zauna a kan benci. Ta tuna dogon teburin ƙarfen nan mai ɓararren fenti. Ta tuna tambayar tsohon.

"Me ya hana ka faɗa mini tun ranar?"

"Na ga fuskarki ne. Shekara uku kina tashi ki ba dabbar nan abinci kafin ki ci naki. Ta yaya zan buɗe baki in ce ba shi ba ne?"

"Sai ka zaɓi hannunka ya mutu don kada raina ya ɓaci?"

"Ke ma ai kin zaɓi ki rasa keke don kada nawa ya mutu."

Dariya na son zuwa mata, hawaye ma na so, ta hana su duka.

Sannan ta gaya masa zancen Juma'a biyu. Bai san da shi ba. Ta ga idonsa ya yi haske, nan da nan kuma ya kashe hasken.

"Bar shi kawai. Kin raba waina. Layin nan kaf an san kin saya mini inji. In aka ga an fito da shi, ke za a yi wa dariya. Kuma ki sani, in aka canja, zan koma kai wa Yahuza katako kamar da."

Gaskiya ya faɗa. Ita da ta ce da direba ya rage gudu. Ita da ta aika babban kwano.

Ranar Alhamis Barakatu ta shigo mayar da kwanon, har da 'yar gyaɗa a ciki. "Maman Radiyya, ashe ku ma kun zama manya. Maigidanmu cewa ya yi naku har ya fi nasa faɗi."

Mas'uda ta ji daɗin maganar ya ratsa ta har ƙafa. Kwana ɗaya kawai za ta yi shiru, ciniki ya zauna, wannan daɗin ya zama nata har abada.

Sai ga Radiyya ta fito da gudu ta nufi babanta da ya shigo alwala, ta ɗaga hannuwa biyu. Tasi'u ya durƙusa ya rungume ta a ƙasa, yana yi mata wasa don kada ta gane ba zai iya ɗaga ta ba.

Barakatu na fita, Mas'uda ta ɗauki waya.

"Yaya Ya'u, a nemo motar nan gobe da sassafe."

Ya yi dariya har tana jin yana tari. "Na ce a buga masa waya, aka ce shekara bakwai ana jin ƙara."

"Na ji. Ka gama dariyar ka nemo motar."

"To ko mu ce ya biyo ta lungun baya, kada a gani?"

Ta ce, "A'a. Ta inda ya shigo zai fita."

Safiyar Juma'a aka ɗora koren inji. Yahuza na bakin shagonsa da kofin shayi, da wasu kafintoci biyu.

"A'a, Oga Tasi'u, har baƙon ya gaji? Ko ruwan Wudil ne bai karɓe shi ba?"

Aka kwashe da dariya. Tasi'u zai yi murmushinsa na kullum, sai Mas'uda ta riga shi daga bakin zaure.

"Ina kwana, Malam Yahuza. Inji lafiyarsa ƙalau. Ni ce na sayo ban tambayi mai aikin ba. Kuskurena nake mayarwa."

Yahuza ya riƙe kofi a sama. Ya shirya wa musu, bai shirya wa wannan ba. Ya ce, "To... Allah ya kiyaye hanya."

Tasi'u ma ya bi su. Ranar kasuwa ce, motocin shanu sun cika gada, sai da suka yi kusan awa ba su tsallake kogi ba. Ya'u na duban agogo, Mas'uda na salati a zuci. Ko da suka isa, Alhaji Gidaɗo ya riga ya sa babbar riga, kwaɗo na hannunsa.

Ya dube su, ya dubi koren inji, ya mayar da kwaɗon aljihu.

"Tun ranar da kuka tafi na sa aka wasa wuƙar ɗayan," in ji shi. "Wannan ne mai aikin? Bismilla, ɗana, duba kayanka."

Tasi'u ya durƙusa a ƙarshen dogon teburin, ya rufe ido ɗaya. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe, sai ya shafa ƙarfen kamar yadda Mas'uda ke shafa wuyan bijiminta a da.

A wannan karon ba ta ce da direba ya rage gudu ba. Mutanen layi suka fito suka ga an tafi da kore mai ƙyalli an dawo da tsohon tebur. Aka yi kwana uku ana zancen. Wata ma ta aiko tambaya ko za a sake raba waina.

Amma ƙarar filen ta ɗauke daga shagon. Katakon da a da ke cin wuni, yanzu Tasi'u zai kwantar da shi a teburin ƙarfe, ya bi da shi sau uku ko huɗu ba tare da ƙarfi ba, ya miƙe sak. Sai ya ɗauka ya tsallaka titi.

"Oga Tasi'u, an dawo gida ke nan?"

"An dawo, Yahuza. Ga su nan, inci ɗaya."

Cikin wata biyu ya koma ɗaukar buta da dama.

Ana nan, sai Yahuza ya karɓi aikin ƙofofi goma sha biyu na wani sabon gida a Achika. Da yake ya saba ganin katako na fita daga injinsa sumul, bai tsaya miƙar da komai ba, ya cusa, ya haɗa, ya kai. Ba a yi mako uku ba aka dawo masa da bakwai a amalanke. Wata ta ƙi rufuwa, wata in an rufe sama sai ƙasa ya buɗe har kyanwa ta wuce.

Bayan la'asar Mas'uda na zaure ta ji sallamarsa, da wata murya da ba ta san yana da ita ba.

"Oga Tasi'u, wannan tebur naka... yana karɓar aikin waje kuwa?"

Ta tsaya cak da tsintsiya. Amsoshi uku suka zo mata a take, kowacce ta fi wata yaji. Ta jira ta ji wacce mijinta zai zaɓa.

"Ajiye su nan," in ji Tasi'u. "Kamo mini wancan ƙarshen."

Shi ke nan abin da ya ce. Ta ci gaba da shararta, ta tarar ranta ya fi yi mata sanyi fiye da ranar da mota ta rage gudu.

Daga ranar suka shirya a tsakaninsu. Tasi'u ya miƙar wa Yahuza, Yahuza ya daidaita wa Tasi'u kauri. Sauran kafintocin unguwa, har da na ƙauyuka, suka gane hanya: a fara da wannan shago, a tsallaka a ƙarasa a wancan. Da koren injin ya zauna, da yanzu inji biyu iri ɗaya ne ke hararar juna a layi ɗaya, katako na fita a karkace daga kowanne. Yahuza bai daina tsokana ba, sai dai yanzu in baƙo ya zo cewa yake, "Fara kai wa Oga, ni ƙanin aikin ne."

Wata Alhamis da yamma Tasi'u ya shigo tsakar gida da Radiyya zaune a kafaɗarsa ta dama, tana riƙe da kunnuwansa. Ya sauke ta, ya zauna kusa da Mas'uda da ke gyaran zogale.

"Akwai abin da na so in yi miki ba tare da kin sani ba," in ji shi. "Har na yi magana da Ya'u. Sai na tuna yadda aka yi da kore. Don haka ga tambaya. Gobe Juma'a. Maraƙi kike so, ko keken ɗinki?"

Ta ɗago ta dube shi. "Kai me ka yi niyyar saya?"

"Maraƙi. Har na gyara turke."

"To da ka yi kuskure. Keke nake so. Na gaji da yankan harawa."

Suka yi dariya har Radiyya ta zo tana tambayar me aka yi.

Da dariyar ta lafa, Mas'uda ta ture farantin zogale gefe. Abin da ta shekara bakwai tana faɗa da kan kifi da ɗinkin aljihu, yau ta ga ya kamata kunnensa ya ji.

"Baban Radiyya."

"Na'am."

"Ban taɓa gaya maka ba. Tun ranar da Yaya Ya'u ya ce katako kake kallo ba ni ba, nake so ka kalle ni. To ka saurara. Na yi maka alkawari, daga yau in zan yi maka wani abu, sai na zauna na tambaye ka inda ke yi maka ciwo. In ka ce babu, zan sake tambaya. In ka sake cewa babu, zan durƙusa in rufe ido ɗaya in duba da kaina. Kuma ba zan gaji ba, har mu tsufa."

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta isa ba in ba a haɗa ta da tambaya ba. Kafin ka taimaki wanda kake ƙauna, ka ji daga bakinsa abin da ke damunsa, kada ka zaɓar masa don ka burge maƙwabci. In ka gane ka yi kuskure, ka gyara shi da wuri ko da za a yi maka dariya, domin dariyar ta kwana uku ce. Kai kuma da aka yi wa alheri, kada kunya ta sa ka ɓoye gaskiyar da ke cutar da kai. Ku tura wannan labari ga masu gida da matansu, da duk wanda kuka san yana shirin yi wa wani kyauta bai tambaye shi ba.